Lawali Ya Dawo Daga Gini

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina aikin duba-gari kafin in aje, kuma cikin ranakun da suka wuce ni a aikin nan akwai wadda har yau ta ƙi barin zuciyata. Ita ce ranar da mutanen Tungar Rini suka zaunar da ni a ƙofar gidan Magajinsu, suka ce in faɗa masu gaskiya, Ebola ta ƙare ko ba ta ƙare ba. A watan Nuwamba ne na shekarar 2014. Ku da kuka shigo aikin bayanmu sunan cutar kawai kuke ji, shi ya sa nake so in ɗauko maku labarin tun daga tushe.

Ga wanda bai san aikinmu ba, duba-gari ba shara da kwatami kaɗai yake dubawa ba. A lokacin ni ne jami'in da ke sa ido a kan cututtuka masu yaɗuwa a ƙaramar hukumarmu. In ƙyanda ta ɓulla a wani ƙauye, ko amai da gudawa, ko sanƙarau, ni ake fara kira. In je in gani da idona, in dawo in shaida wa daraktan lafiya, shi kuma ya sanar da jiha. Babur ɗaya gare ni, da jakar kayan aiki.

A damunar shekarar aka ji Ebola ta shigo Legas. Ko mutum ɗaya ba ta kama a yankinmu ba, amma tsoronta ya iso mu tun kafin a gama karanta labarin a rediyo. Akwai safiyar da muka tashi muka tarar rabin gari ya yi wanka da ruwan gishiri, saboda wani saƙo da ya yi ta yawo a waya. An ɗaga komawar yara makaranta. Aka kira mu horo, aka koya mana alamomin cutar da yadda ake bibiyar wanda ya fito daga inda take, aka ba mu bokitai masu famfo muka jera a ƙofar asibiti da makarantu. Mutanen da tun haihuwarsu ba su taɓa wuce ɗan'uwa ba su miƙa masa hannu ba, sai ga su suna gaisawa daga nesa, hannu a ƙirji.

Cikin watan Oktoba aka yi shelar cewa Najeriya ta rabu da Ebola. Mu a ofis mun ɗauka magana ta mutu ke nan. Ashe nan ne gardama za ta fara. In ka zauna teburin mai shayi a tashar Gummi, sai ka ji wani na cewa dama can babu wata cuta, an ƙirƙiro ta ne don a ci kuɗi. Na kusa da shi ya ce ƙarya ne, akwai ta, kuma tana nan, zaɓe ne ya matso shi ya sa aka ce ta ƙare. Direbobin da ke zuwa Kamba da Dosso su ce su dai har yanzu ana auna su a kan iyaka, in ta ƙare awon na mene ne? A masallacinmu sai da aka raba wasu dattawa biyu, ɗaya ya miƙa hannu bayan sallama ɗaya ya ƙi karɓa. Bokitan da muka jera kuwa, wasu aka ci gaba da zuba masu ruwa, wasu aka kai su cikin gida aka mai da su na alwala.

Ana cikin haka, wata Litinin da safe, ma'aikacin da ke kula da ɗakin shan magani na kusa da Tungar Rini ya kira ni. Tungar na can lungu tsakanin ƙasar Anka da ta Bukkuyum, hanya ce da mota ba ta shiga sai da rani. Ya ce wani ɗan garin mai suna Lawali ya dawo daga haƙar zinari a ƙasar Gini, kuma gari ya rabu biyu a kansa. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauko shi daga Gummi ne ya ji inda ya fito, ya kai labari kafin ma ya gama sauke masa jaka.

Na sami darakta na gaya masa. Ya daɗe yana jujjuya biro a hannu.

"Malam Umaru, an ce babu Ebola a ƙasar nan, kuma ni da kai ba mu isa mu ce akwai ba. Amma Gini ba Najeriya ba ce. Ka tafi ka zauna a kansa yadda aka koya mana. In ya yi zazzaɓi, ni za ka fara kira. Kar sunan cutar nan ya fito daga bakinka a kasuwa."

Ƙa'idar da aka koya mana mai sauƙi ce. Wanda ya fito daga ƙasar da cutar take, ana auna zafin jikinsa safe da yamma har ya cika mako uku da barowarsa, domin iyakar lokacin da cutar ke ɓoyewa a jiki ke nan. Muddin bai yi zazzaɓi ba, ba majinyaci ba ne, ba a tsare shi, yana iya zama cikin iyalinsa. Na ɗauki ma'aunin zafi da safar hannu na hau babur.

Sai wajen azahar na isa. Ana tsakiyar yankan dawa, amma ranar kusan babu wanda ya tafi gona. Na tarar da maza cike a ƙofar gidan Magaji, Lawali kuma yana zaune shi kaɗai a gindin wata kuka a bakin gari, jakarsa a gefe. Tun jiya yake nan. Ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ya ce ya shigo.

Kafin in faɗi abin da ya gudana, sai na gaya maku wani abu game da garin, in ba haka ba, za ku yi wa mutanensa mummunar fahimta. Tungar Rini na cikin ƙauyukan da gubar dalma ta yi wa ɓarna a 2010, lokacin da ake kawo duwatsun zinari cikin gidaje ana niƙawa, ƙurar tana kashe ƙananan yara. Ni kaina na yi aiki a can a lokacin. An zo an kwashe ƙasar gidaje, an zuba sabuwa, aka ce abin ya wuce. Bayan haka ma sai da wasu yaran suka sake kwantawa. Saboda haka in ka ce wa ɗan Tungar Rini cuta ta ƙare, ba kalma ce da bai taɓa ji ba.

Magaji dattijo ne mai sanyin hali, ya haura saba'in. Shi matsayinsa, tunda hukuma ta yi shela, magana ta ƙare. Lawali ɗan gari ne, uwarsa na kwance ba lafiya, shekara huɗu ba ta ji muryarsa ba sai a waya, wane irin gari ne zai bar ɗansa a gindin kuka? Wanda ke jagorantar ɗaya ɓangaren kuwa Garba ne mai injin niƙa. Shi ne mai rediyon da ba ta rabuwa da kafaɗarsa, kuma 'ya'yansa biyu ya binne a shekarar dalma. Ya ce shi ma ya ji shelar, amma a rediyon nan dai ya ji ana ta mutuwa a Gini, har ma ta tsallako Mali, kuma ta Mali Lawali ya biyo. Ba faɗa yake yi ba, a hankali yake maganarsa, shi ya sa ma ta fi shiga mutane.

Aka shimfiɗa mani tabarma. Bayan gaisuwa Magaji ya dube ni ya ce, "To ga ma'aikaci nan. Malam Umaru, kai ka san aikinka, mu kuma mun san ka tun shekarar wahala. Cutar ga ta ƙare ko ba ta ƙare ba?"

Na faɗi abin da na sani. Na ce a ƙasarmu ta ƙare, babu mai ita ko ɗaya da aka sani. A ƙasar da Lawali ya baro ba ta ƙare ba. Shi kuma Lawali, in na auna shi ban ga zazzaɓi ba, to ba ya iya sa wa kowa komai, yana iya shiga gida in riƙa zuwa ina duba shi.

Na ɗauka na warware masu. Abin da ya faru shi ne kowane ɓangare ya tsinci rabin da ya yi masa daɗi. Mutanen Magaji suka ce kun ji, ta ƙare. Mutanen Garba suka ce kun ji, ba ta ƙare ba. Garba ya tambaye ni, in zazzaɓin ya zo masa yana cikin ɗakin uwarsa, mata da yara na shiga suna fita, wa zai sani kafin in iso? Na ce zan zauna a garin. Ya ce ko na zauna, ba ni kwana ɗaki ɗaya da shi. Aka yi ta yi har la'asar ta kusa, muryoyi suka fara tashi, wani yana tuna wa wani rikicin gona na shekara goma.

Na bar su na tafi gindin kukar. Lawali mutum ne dogo, siriri, zai kai talatin da biyar, hannuwansa duk sun yi kanta. Na san shi a da, ko da yake ba sosai ba. Ɗiyarsa ta fari, 'yar shekara biyu, tana cikin yaran da dalma ta ɗauka. Bayan rasuwarta zaman aurensa bai ƙara daɗi ba, matar ta koma gidansu, shi kuma ya bi wasu abokai ya bar ƙasar. Na sa safa, na miƙa masa ma'auni. Jikinsa lafiya lau. Na tambaye shi ko ya yi jinyar wani a can, ko ya taɓa gawa, ko ya je jana'iza. Ya ce a'a, amma a garin da ke kusa da ramukansu ya ga motar masu fararen kaya tana ɗaukar mutane, ya kuma ga gidan da aka rufe gaba ɗaya. Hanya ta ci masa wajen mako guda, saura biyu ke nan a lissafinmu.

Na ce masa ƙa'ida ta ba shi dama ya shiga gida, kuma in ya tashi yanzu zan shiga gabansa, Magaji na bayanmu. Ya dubi garin.

"Malam, abin ga da kac ce, in babu zazzaɓi ba a ɗauka. Ka gani da idonka, ko an dai hwaɗa maka?"

Na ce koya mana aka yi, kuma waɗanda suka koya mana masana ne.

"Sadda nike kawo dutse gida cikin buhu, kowa ya san dutse dutse ne. Da hannuna na aje shi bakin ɗakin da yarinyar take rarrahe. Na shigo da mutuwa gidan nan sau ɗaya. Ban iya sake gwadawa da Inna."

Shi ne ya kawo shawarar bukkar gonarsu, wadda ke bayan gari kaɗan, inda suke fakewa da damina. Ya ce zai zauna can har kwanakin su cika. Na koma na faɗa wa taron. Garba ya sunkuyar da kai. Magaji ya ce shi bai so haka ba, amma tunda mai abin ya zaɓa, Allah ya sa haka ne alheri.

Na sauka a zauren Magaji. Kullum da safe in tafi gonar in auna shi, da yamma in koma. Ranar da aiki ya kira ni ofis, ma'aikacin ɗakin shan magani ya karɓe ni. Yayarsa Asabe, wadda ke aure a garin, ita ke kawo masa tuwo da ruwa. Sai ta aje a kan wani kututture ta ja baya, shi ya zo ya juye a kwanonsa. Na sha gaya masu ba sai an yi haka ba. Shi ne ya ƙi.

Uwarsu, Inna Hajo, tsohuwa ce da idanunta suka riga suka tafi, sai dai ta bambanta haske da duhu. Tun bara ƙafafunta ke kumbura, numfashi na yi mata wuya, in ta yi taku kaɗan sai ta zauna. Ciwon nan ne ya sa aka yi wa Lawali waya ya taso. Kwana biyu da zuwana ta ce ko a kai ta gonar ko ta rarrafa da kanta. Aka ɗora ta a amalanken shanu, Asabe na riƙe da ita, aka sauke ta a bakin gonar aka jingina ta da damin kara. Lawali ya tsaya daga can, kunyoyin gona kamar goma a tsakaninsu, ya durƙusa ya gaishe ta.

Ta amsa, ta yi ta sa masa albarka, sa'annan ta miƙa hannu wajen da muryar ke fitowa ta ce ya matso. Ya ce Inna ki yi haƙuri, 'yan kwanaki ne. Ta ce ita ba ta gani, murya kuma ko a waya tana ji, so take ta shafa fuskarsa ta san ko ya rame. Ya ce bai rame ba. Ta juyo wajen da nake tsaye.

"Kai likita, ɗan wa kake?"

Na faɗa mata sunan mahaifina da garinmu.

"To ɗana, hwaɗa mani. Sun ce cutar ta ƙare, sun kuma ce ba ta ƙare ba. Ni ban san ta ba. Yaron ga shina da ita?"

Na ce Inna, ban ga alamarta a jikinsa ba, kuma ni a wurina ba laifi in ya zo ya riƙe hannunki. Na faɗa da ƙarfi don shi ma ya ji. Na ga ya ɗaga ƙafa kamar zai taho, sai ya koma ya durƙusa, ya sa fuska cikin tafin hannu. Tsohuwar ta bar hannunta a miƙe na ɗan lokaci, sa'annan ta sauke shi a cinya. Ta ce ba komai, tun yana yaro in ya kafe ba mai tanƙwara shi, za ta jira.

Daga ranar, duk safiyar da jikinta ya yarda sai a kawo ta. Suna hira daga nesa, ni ina gefe ina jiran ma'auni. Ta ba shi labarin waɗanda suka mutu da waɗanda aka haifa bayan tafiyarsa. Shi kuma ya gaya mata yadda suke cin shinkafa da miyar ganyen rogo a can, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ya sayo mata bargo da turmin atamfa, amma ya ce su ma sai kwanakin sun cika za su fita daga jakar.

A cikin gari kuwa gardama ba ta kwanta ba. Duk maraice ana kewaye rediyon Garba. In aka ce an sami sauƙi a wata ƙasa, mutanen Magaji su ce to kun gani, an wahalar da bawan Allah a banza. In aka ce ta ɓulla a wani sabon gari, sai ɗaya ɓangaren ya gyaɗa kai. Mata suka daina sayen ƙuli-ƙulin Asabe. Fulanin da ke kawo nono daga rugga suka canza hanya don kada su bi ta gefen gonar. Ni kaina akwai gidajen da in na yi sallama, sai a amsa mani daga ciki ba a fito ba.

Saura kwana kaɗan wa'adin Lawali ya cika, ranar wata Alhamis, na dawo daga gonar da safe sai na tarar da Asabe a ƙofar zaure tana kuka. Inna Hajo ta cika bayan sallar asuba, tana zaune jingine da bango.

Kafin in isa gidan magana ta riga ta zaga gari cewa cutar ce. Matan da suka saba wankan gawa suka tsaya a waje. Na shiga na duba ta, na yi wa Asabe tambayoyi. Babu zazzaɓi, babu amai, babu gudawa, babu jini. Ciwonta ne na zuciya da kowa ya sani. Na fito na faɗa wa mutane haka, na ƙara da cewa ku duka shaida ne, ko inuwarsa ba ta taɓa ta ba. Uwargidan Magaji, tsohuwa ita ma, ta tuɓe mayafi ta ce a kawo mata ruwa. Ita da Asabe suka yi mata wanka.

Ni aka bar wa kai wa Lawali labari. Ya hango ni tun daga nesa, ya ga ba lokacin zuwana ba ne, ya miƙe tsaye. Da na faɗa masa sai ya yi salati, ya zauna a ƙasa. Na ce masa ya taso mu tafi, ya ga fuskarta kafin a rufe, ni zan tsaya masa ko gari duka zai taru a kaina. Ya girgiza kai. Ya ce in ya shiga yanzu mutane za su watse, ita kuma a rasa masu yi mata salla. Ya ce tana raye bai taɓa ta ba don ya kare ta, ba zai zo ya hana ta jama'a ranar da ta fi bukatarsu ba.

Na koma na faɗa wa Magaji da liman. Garba na wurin, tun safe shi ke kan gaba wajen haƙar kabari, jikinsa duk ƙasa. Shi ne ya ce, tunda Lawali ba ya zuwa wurin gawa, me zai hana a kai gawar wurinsa? Maƙabarta ai ta wannan gefen take. Liman ya ce babu abin da ya hana.

Haka aka yi. Aka ɗauko makara, Garba na riƙe da kusurwa ɗaya, aka bi ta bayan gari aka aje ta a fili a bakin gonar, kusa da inda ake jingina ta da damin kara. Aka yi sahu. Lawali ya yi alwala da butarsa, ya zo ya tsaya can bayan sahun ƙarshe, shi kaɗai. Na fita daga sahuna na koma na tsaya kusa da shi, ya ɗan matsa gefe, na bi shi, sai ya ƙyale ni. Da aka sallame aka ɗauki makarar, ya bi ta da ido har ta shige cikin itatuwa. Bai sa ta a kabari ba, bai zuba mata ƙasa ba.

Kwanakinsa suka cika lafiya, ko ciwon kai bai yi ba. Da safiyar ranar na auna shi na ƙarshe, na cire safar hannu a gaban mutanen da suka taru, na miƙa masa hannu. Magaji ya rungume shi. Garba ma ya zo, ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya roƙe shi ya yafe masa. Lawali ya ce ba abin yafewa, da shi ne a gari wani ya dawo, abin da zai faɗa ke nan. Daga nan ya wuce maƙabarta, ya daɗe a can. Bargon da atamfar ya ba Asabe.

Na koma ofis na shaida wa darakta cewa an gama, babu komai. Ya ce alhamdu lillahi, ya tambaye ni labarin ƙyandar da aka ce ta ɓulla a wata rugga. A wurin ofis, aiki ne da ya tafi daidai.

Bayan wata biyu aikin rigakafi ya mai da ni Tungar Rini. Lawali ba ya nan. Asabe ta ce ya zauna har aka yi addu'ar arba'in, amma ɗakin Inna ya gagare shi kwana, kuma har lokacin akwai masu janye 'ya'yansu in ya wuce. Ya bi masu tafiya haƙar zinari can arewacin Nijar. Ya yi mata waya sau biyu, daga nan layin ya daina shiga. Na yi ta tambaya duk lokacin da na bi ta wajen, har na bar aiki ban ji wanda ya ce ya gan shi ba.

Ranar ma na tarar da gardamar tana nan a ƙofar gidan Magaji. Waɗannan na cewa ai ga shi nan, mutum ya fito lafiya, an raba uwa da ɗanta a kan cutar da ta riga ta ƙare. Waɗancan na cewa da ya zo da ita fa, da yanzu wa ya rage a garin? Aka sake jefo mani tambayar, na ce masu ni yau allurar yara na zo yi. A ƙasashen da cutar take ma haka aka yi ta fama har shekara ta zagayo, a yi shelar ta ƙare, sai ta sake ɓullowa a wani gida.

Na sha zama in auna lamarin nan, in nemi wanda zan ɗora wa laifi, ban samu ba. Magaji gaskiya ya faɗa, Garba ma gaskiya ya faɗa, kuma dukansu garin suke so. Ni ma abin da na faɗa masu ranar farko, in aka sake tambayata yau shi zan maimaita. Duk da haka tsohuwa ta tafi da hannunta a miƙe, kuma wannan bai daina yi mani ciwo ba.

Abin da nake so ku riƙe, ku da kuke kan aikin yanzu, shi ne shela daga sama ake yin ta, rana ɗaya, amma mu da ke ƙasa mu ake tsarewa da tambaya, kuma mai tambayar ba lissafin ƙasa ya dame shi ba. So yake ya san ko zai iya shiga ɗakin uwarsa, ko zai iya barin ɗansa ya fita wasa. In kun ga mutane sun ƙi yarda an ce cuta ta wuce, kar ku yi saurin kiransu jahilai. Ku fara tambayar wa suka binne. A horo an koya mana yadda za mu gane cuta ta shigo gari, an koya mana yadda za mu tsare ta. Ba a taɓa koya mana yadda ake gamsar da mutumin da ya taɓa rasa ɗa cewa yanzu babu komai, ya miƙa hannu ba. Ni na bar aiki ban iya ba. Ina fata ku ku iya.